Daftarin mai bakala da tiren da muke zubarwa

Assalamu alaikum ƙannena, musamman ku da kuka yi aure a 'yan shekarun nan kuka kama gida a unguwannin Hindawiyya da Rusaifa da Shari'a Mansur a nan Makka, har da 'yan'uwanmu na Jidda.

Makon jiya na tsaya a bakalar unguwarmu, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, sayen burodi, sai ga wani yaronmu ya shigo. Ya ɗauki madara, da ƙwai shida, da lemon kwalba biyu, da ƙaramar robar man gyaɗa, ya ɗaga wa mai bakala hannu ya ce "sajjil", wato a rubuta, ya fice. Bai tambayi kuɗin ko ɗaya ba. Na san albashinsa, domin ni na raka shi wurin aikin. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na ce bari in yi magana, wanda ya ji haushi ya yafe mini.

Saudiyyar da iyayenmu suka sani ta wuce. Kafin Janairun 2018 babu harajin kaya a ƙasar nan. Aka fara da kashi 5 cikin 100, a Yulin 2020 aka mayar da shi 15, kuma bai bar shinkafa ko sukari ba: duk cefanen riyal 115, riyal 15 na haraji ne. A wannan Janairun na 2018 kuɗin wuta ya tashi, abin da ƙaramin gida ke biya halala 5 kan kowane yunit ya koma halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya). Mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, da ke da iyali a ƙarƙashinsa ya fara biyan riyal 100 a wata kan kowane mutum a 2017, ya hau har ya kai 400. Mata da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan duk wata tun ba a ɗora tukunya ba. 'Yan ƙasa an buɗe musu Hisabul Muwaɗin, tallafin kuɗi na gwamnati, don rage raɗaɗi, mai iƙama kuwa sai dai ya rage da kansa. Sai yaƙin Yukiren na 2022 ya taɓa alkama da man girki, Indiya kuma ta taƙaita fitar da wasu nau'o'in shinkafa a 2023. Kiɗa ya canza, mu kuma har yanzu rawar da muke yi ta zamanin da ce.

Akwai wata cuta da ta kama masu zuwa daga gida kwanan nan, ita ce lissafi da naira. Tun da naira ta faɗi a 2023, yaro zai karɓi riyal 1,500 ya buga a waya, ya ga dubban ɗaruruwa, ya ɗauka ya zama alhaji. Ɗan'uwa, a riyal kake ci, a riyal kake biyan haya, mai bakala kuma bai san naira ba. Ka yi wa rogo kallon kitse. Buga lissafin naira ranar da za ka tura wa Inna kuɗi, sauran kwanakin wata ka manta da shi.

In dawo kan daftari, wato littafin bashin mai bakala. Ban ce mai bakala azzalumi ne ba, sau da yawa shi ke rufa mana asiri ranar da aljihu ya bushe. Amma shi ma sarowa yake ya ɗora ribarsa, kuma abin da aka rubuta ba ya zafi kamar abin da aka zaro daga aljihu. Riyal 20 a rana ba ta kama da kuɗi, amma 600 ce a wata, 7,300 a shekara. Je ka ce ya buɗe maka shafinka, ka karanta layi-layi. Na yi wa kaina haka shekarun baya, kunya ta kama ni: kusan rabin shafin lemo ne da biskit da ruwan roba, abin da ko an hana mu babu wanda zai kwana da yunwa. Manhajojin nan na "ɗauka yanzu, biya kashi huɗu" su ma daftari ne, waya kawai ya shiga. Wanda ya kai ga raba kuɗin cefane kashi huɗu, to wata mai zuwa zai biya na abincin da ya riga ya ci, ga kuma na sabon.

Abin da muke yi mu gida biyar a layinmu shi ne adashin cefane. Farkon wata kowa ya kawo nasa, mutum biyu su ɗauki mota ɗaya bayan sallar asuba su nufi halaƙa, babbar kasuwar sarin kayan gwari, a Ka'akiyya. Katan na tumatir, buhun albasa, dankali, lemon tsami, sai a zo a raba a tsakar gida. Shinkafa buhu mai kilo 40, man girki katan, kaji daskararru katan, omo babban buhu. Gida ɗaya ba zai iya sari ba, in ma ya iya kayan za su ruɓe a hannunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a sa mai amana a kan kuɗin, a rubuta komai a takarda, domin zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai buhun albasa ba. Kuma kada zumuɗin sari ya sa ka tara shinkafar wata shida a ɗaki mai zafi, ƙwari za su riga ka.

Lokacin sanyi tumatir na arha. Iyayenmu mata a gida yanka shi suke su shanya, mu da Allah ya ba ranar Makka, wadda ke busar da wanki kafin ka gama shanya na ƙarshe, me ya hana mu? Wadda ba ta son busasshe ta markaɗa ta tafasa, ta ƙulla a leda ta jefa firiza. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa, a roƙi mai zuwa Umara ya riƙo, sun fi na nan sauƙi nesa ba kusa ba.

Manyan kantuna irin su Panda da Othaim da Bin Dawood suna fitar da rangwame duk mako, kuma akwai na gaske a ciki. Amma ka shiga da takarda a hannu da abinci a ciki. Ka duba kuɗin kilo, kada girman jan rubutu ya ɗauke ka: a misali kilo 5 a riyal 40 ya fi kilo 10 a riyal 70 tsada. Abin da ba ya cikin takardarka, ko an zabge rabin kuɗinsa, kashewa ka yi.

Inda na fi jin ciwo shi ne tire. Wani bincike da hukumar hatsi ta ƙasar nan ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abinci asara yake tafiya, kimanin kilo 184 kan kowane mutum a shekara. Mu ma mun shiga sahu. Mun koyi cika tire da kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa, don baƙi uku, a ci gefe, a naɗe sauran cikin ledar shimfiɗa a kai bola. Mu da muka tashi da ɗumamen tuwo da safe, muna rububin ƙanzo, yau yaranmu ke cewa ba sa cin abincin jiya. Wa ya koya musu? Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 31, mu ci mu sha kada mu yi ɓarna. A Suratul Furƙan kuma ya yabi bayinsa da cewa ba sa almubazzaranci, ba sa ƙwauro, suna tsakatsaki. Don haka kada wani ya ɗauki maganata ya je ya ƙuntata wa matarsa, ya riƙa ƙirga mata ƙwayar magi. Wannan rowa ce, ba ita nake nufi ba. Maigida da ke odar mandi a wurin aiki kullum ba shi da bakin yi wa uwargida faɗan man girki. Ku zauna ku biyu, ku faɗa wa juna gaskiyar abin da ke shigowa. 'Yan'uwana mata, ku auna shinkafa da kofi gwargwadon bakunan gidan, in an yi baƙo a ƙara. Ragowar walima kuma akwai ƙungiyoyin Hifzun Ni'ima da ke zuwa su kwashe su kai wa mabuƙata, a kira su tun kafin a fara rabo.

Wuta ba sai na tsawaita ba. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne rabin bala'in takardar wuta a bazara. A ajiye shi a 24, a wanke matatarsa, a toshe ƙasan ƙofa, a kashe na ɗakin da babu kowa.

Shi yaron nan na bakala na same shi bayan isha'i, muka je tare aka buɗe shafinsa. Riyal 740 ya tarar, bai taɓa zaton ya haura 300 ba. Ya ce zai biya a wata biyu, ya kuma roƙi a sa gidansa cikin adashinmu, mun zama shida. Motar tana da sauran wurin katan uku ko huɗu, mai so ya same ni a masallaci kafin ƙarshen wata.