Kwangilar gwamnati da rabon jama'ar yanki

Na karanta wani labari a kan yadda gwamnati ke bayar da kwangila, kuma na gamsu da hujjarsa cewa bai kamata arhar farashi kaɗai ta zama ma'aunin bayar da kwangilar gwamnati ba. Idan hukuma ta sayi kaya daga kamfanonin yankinta, kuɗin yakan ci gaba da zagayawa a wurin ta hanyar albashi, haraji da cinikin ƙananan masu sana'a, matasa kuma su sami wurin koyon aiki. Alal misali, ƙasar Barazil ta kafa doka a shekarar 2009 wadda ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen amfanin gonar ƙananan manoma.

Sai dai abin da ya fi damuna, wanda labarin bai taɓo ba, shi ne jinkirin biyan kuɗi. Ƙaramin ɗan kwangilar da ya ciwo bashi domin ya kammala aiki ba zai iya jiran watanni ba, saboda haka yakan janye ya bar wa manyan kamfanoni fili. Wajibi ne a ƙayyade wa'adin biya a cikin yarjejeniyar, a kuma rarraba manyan ayyuka zuwa ƙanana.