Ku daina fakewa da fiton da

Wai don an hana wani mai kwalekwale tashi da lodin da ya wuce kima, shi ne wasu ke cewa ai tun kafin gada haka ake fito. Wa ya gaya muku? Ku je ku tambayi tarihin Makurɗi.

Layin dogo daga Fatakwal ya iso bakin kogin Binuwai a Makurɗi a 1924, gada kuwa ba a buɗe ta ba sai 1932. Duk tsawon wannan lokaci jirgin fito ke ƙetarar da taragu, har da masu ɗauke da kwal ɗin Inugu zuwa Arewa. Taragun ƙarfe fa, ba buhun masara ba. Kuma da ƙa'ida ake yi. Ba a tura jirgin ƙasa gaba ɗaya, sai an kwance shi, a shigar da taragu kaɗan-kaɗan, a raba nauyi don kada gefe ɗaya ya nutse, a ɗaure birki, a sa waigi. Don in tarago ɗaya ya gangara, sauran za su bi shi, jirgin fiton ya karkata. Abin da bai samu wuri ba ya jira sahu na gaba.

Ruwan ma ana duba shi. Binuwai kan cika ya batse wajen Satumba da Oktoba, igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Da rani ya ja baya, tudun yashi ya fito, hanyar bara ba ita ce ta bana ba. Dole wurin sauka ya bi hawa da saukar ruwan.

To ina wannan ya yi kama da mutum ɗari da babura a kwalekwalen katako, da dare, babu fitila, babu rigar kariya? Kada a ce min talauci ne. Talauci bai hana ƙirga fasinja ba. Kada a ce ƙaddara. Mun yi imani da ita, amma mutum sama da ɗari da suka rasu a hatsarin kwalekwale a Pategi ta jihar Kwara a 2023 suna dawowa daga biki, iyalai gare su. A ƙirga lodi, wanda ya rage ya jira, kamar yadda taragu suka jira.

Ni abin da ma ke ƙara damuna shi ne yashin da ya cike kogin. A da jiragen kaya kan kai har Yola da Garwa idan damina ta yi nisa. Yau maganar yashe Binuwai sai lokacin kamfe ake jin ta.