Ina ruwan lambatun Sakkwato yake zuwa?

A bayan ƙauyen da nake zaune a kudancin Faransa akwai wani fili da aka kewaye da waya, cike da doguwar ciyawa mai kama da kacalar da ta addabi masuntan Hadeja da Nguru. Na daɗe ina zaton gonar wani ce, sai da maƙwabcina ya gaya mini cewa duk ruwan masai da na wanka da na wanke-wanken ƙauyen nan yake taruwa kafin a sake shi cikin rafi.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Rariyar ƙarfe ta tare leda da tsumma, sannan a malala ruwan a kan tsakuwar da aka dasa ciyawar a ciki. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a jikin tsakuwa da saiwoyi su ne ke cinye ƙazantar. Daga nan ya bi ta cikin yashi, ya fito ba wari. Filin kashi-kashi ne, ana ba wannan ruwa ana hutar da wancan. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta wajabta wa garin da ya kai mutum 2,000 ya tattara ruwansa ya tace, ƙananan ƙauyuka da yawa kuma wannan hanya suka zaɓa don araharta.

Ranar da na gane haka, gadar Kwalkwalawa da ke kan Gulbin Rima a Sakkwato ce ta faɗo mini a rai. Mu a gida ruwan lambatu gangare yake bi, gangaren Sakkwato kuwa gulbi ne. Na gidaje, na mahauta, na majema da marina, duk can suka nufa. Masai ko sokawe in ya cika a kira mota ta zuƙe, mu biya mu rufe ƙofa. Mu nawa ne muka taɓa tambayar direban inda zai juye?

Abin da ya fi damuna shi ne rani. Da damina ruwa ya yi yawa, yana tsinka ƙazantar. Da rani Gulbin Rima ya ja baya, sai abin da aka sako daga dam ɗin Goronyo, lambatu kuwa bai fasa zuba ba. A daidai lokacin ne manomin fadama ke tada injin ban ruwa, yana ba albasa da tumatir da latas ɗin da za mu ci ɗanye. Sinadaran da ke cikin ƙazantar suna sa gansakuka ta rufe ruwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Ruwan kuma bai tsaya a wurinmu ba, yana wucewa Wamakko, ya kai Argungu, ya faɗa Kwara. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ya kwantar da mutane a Arewa a 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wasu za su ce Turawa na da kuɗi, kuma suna da famfo da bututu a kowane gida. Gaskiya ne. Ban ce a fasa titunan Sakkwato a binne bututu gobe ba. Amma abin da irin wannan tata ke buƙata shi ne fili da ciyawa da zafi, kuma ranar da muke kuka da ita a watan Afrilu ita ke kashe ƙwayoyin cuta a tafkin tata fiye da yadda tasu ke yi. A fara da keɓe wa motocin zuƙar masai wuri guda nesa da fadama, a hana juyewa a ko'ina. Bayan haka a haƙa irin waɗannan tafkuna a bakin manyan lambatun da ke shiga gulbi. Na majema kuwa a ware shi daban, domin toka da gishiri da magungunan jima sun fi ƙarfin ciyawa.