Kunnen Maraɗawa da sabon kundin waƙoƙin gargajiya

Tun da aka kawar da amfanin gona a bana, wani sabon kundin waƙoƙin gargajiya yake yawo a wayoyin mutanen Maraɗi, daga hannun masu kabu-kabu zuwa shagunan teloli, daga fadojin samarin unguwar Zariya zuwa rumfunan babbar kasuwa. Wanda ya yi shi matashi ne ɗan gidan makaɗa daga wani ƙauye na bakin gulbi, kuma da yake ba talla na zo yi masa ba, zan bar sunansa. Abin da ya ja hankalina shi ne maganganun da mutane suka yi a kan aikin a makonsa na farko, domin na ga ana shirin yanke masa hukunci tun ba a gama sauraronsa ba.

Yaron ya ɗauko kaya mai nauyi. Ya bar hanyar da aka saba a yanzu, wadda mawaƙi zai zauna gaban kwamfuta a haɗa masa kiɗa da fiyano cikin yini guda, ya je ya tattaro makaɗa da kayansu na fata da ƙwarya da icce: kalangu, kotso, gurmi, gangar noma, dundufa da algaita, har da mata masu kiɗan ƙwarya. Ya jera waƙoƙin bisa tafiyar shekarar manomi, daga sharar gona da jiran ruwan shuka, zuwa noman fari da maimai, zuwa kaka da bukukuwan da ke biyo bayanta. Wasu waƙoƙin sun haura minti goma. Kuma daga farkon kundin har ƙarshensa babu sunan attajiri ko ɗan siyasa ko ɗaya, abin da duk wanda ya san yadda makaɗi yake ci da sha a ƙasar Hausa zai gane cewa ba ƙaramar kasada ba ce.

Na fara jin sa ne a wata fada da ke ƙofar gidanmu, bayan sallar isha'i, shayi yana kan gawayi. Wani saurayi ya kunna waƙar farko, ya jefa wayar cikin kwanon silba don sautin ya ƙaru, sai gangar noma ta fara ita kaɗai, babu murya. Ba a yi minti guda ba ya miƙa hannu ya tsallake zuwa ta gaba, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan sai mai haƙuri, har yanzu bai shiga waƙar ba." Sauran suka goyi bayansa, ɗaya ya ce kiɗan ba shi da nauyi, wani ya ce babu inda za a yanka a ɗora a TikTok. Kafin a zuba shayi na biyu sun gama da kundin gaba ɗaya, alhali ba su ji ko rubu'insa ba.

Ban ga laifinsu sosai ba, domin abin da ya shiga kunnensu ba shi ne abin da aka kaɗa ba. Lasifikar waya ba ta ɗaukar muryar babbar ganga, sai dai ƙarar bugun gula a kan fata, kuma wanda ya taɓa tsayawa a gonar gayya ya san gangar noma a ƙirji ake jin ta kafin a ji ta a kunne. Haka kalangu: makaɗi yana matse tsarkiyarsa a hammata yana sakinta, sautin yana hawa yana sauka kamar yadda karin harshen Hausa yake yi, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Idan waya ta cinye wannan hawa da saukar, maganar ta tafi, sai a bar mai sauraro da ƙwanƙwasa. Kiɗan fiyano kuwa don wayar aka gina shi, ba abin mamaki ba ne ya fi daɗi a cikinta. Abin da samarin suka kira jinkirin shiga waƙa kuma, shi ne take, wato kiran da ganga take yi wa manoma kafin mawaƙi ya buɗe baki. Waƙar ta riga ta fara tun bugun farko, su ne ba a koya musu jin ta ba, kuma laifin wannan yana wuyanmu mu da muka girme su.

Sukar da ta fi ba ni aiki daga wani dattijo ta fito, tsohon mahauci maƙwabcinmu, wanda ya yi rayuwarsa kalangu yana tashinsa. Na kai masa kundin a babbar rediyo mai cin katin waƙa, muka zauna a zaurensa da hantsi. Ya saurari waƙoƙi uku bai ce uffan ba, yana kaɗa yatsa a kan gwiwa, har aka zo wata waƙar biki da aka buɗe da kotso da algaita. Nan ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. "Ɗana, wanga yaro ya iya, amma wa ya ba shi kotso a bikin talaka? Wanga take na masu sarauta ne." Na ce, "Baba, ai zamani ya sauya." Ya ce zamani bai sauya ma'anar take ba.

Wannan magana tana da tushe a garin nan fiye da wurare da yawa. Maraɗi gari ne da sarakunan Katsina suka kafa bayan da birninsu ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, kuma Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da mu a 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Mutanen da suka bar garuruwansu suka riƙe sarautarsu, ba abin da suke tsarewa kamar alamomin sarautar, kuma tambari da kakaki da algaita da kotso suna cikinsu. Ko da ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari aka hau tudu, fada ta hau da makaɗanta. Saboda haka idan dattijon Maraɗi ya ji kiɗan fada a inda ba fada ba, ba son gardama ba ne ya sa ya ɗaga hannu.

Duk da haka rabin maganarsa kawai na karɓa. Kayan kiɗa ba su taɓa zama wuri guda ba. Kalangun da shi Baba yake taƙama da shi na mahauta ne tun asali, amma Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya ɗauke shi ya yi wa sarakuna da direbobi da ƴan kasuwa waƙa da shi, har yau ba wanda ya ce ya ɓata shi. A nan Nijar, Malam Mamman Barka ya bar gurminsa ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, alhali shi ba Buduma ba ne, kuma da bai yi haka ba da wataƙila biram ya bi mai shi na ƙarshe zuwa kabari. In an ce kotso ba zai fita ƙofar fada ba, to ranar da fada ta kasa ciyar da makaɗanta, ranar kotso zai yi shiru. Inda Baba ya yi gaskiya shi ne batun take. Take suna ne da ake kira da ganga, kuma a kaɗa taken wani basarake sannan a ɗora masa baitin amarya da ango daidai yake da a ƙwala wa mutum kira a tsakiyar kasuwa, ya juyo, a ci gaba da magana da wani. Yaron yana da ikon ɗaukar kotso, amma ya kamata ya ƙirƙiro nasa bugun, ko ya tambayi masu abin kafin ya shiga situdiyo. Wannan kuskure ne na gaske, kuma dattijon da ya gano shi ya fi waɗanda suka yaba ba su saurara ba amfani ga mawaƙin.

Mata kuwa waƙar ƙwarya suka fi tsayawa a kai. Yayata ta ji ta sau biyu tana tankaɗe, ta ce muryoyin sun yi kyau amma gidan bikin ya yi tsit da yawa. Ta san abin da take faɗa. Kiɗan ƙwarya, da ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa cikin masaki da wadda ake bugawa a ƙasa, a tsakar gida ya girma, cikin guɗa da shewa da habaicin da wata za ta jefa wata ta cafe. A situdiyo an share duk wannan don a sami sauti mai tsabta, sai aka sami tsabtar aka rasa gidan.

Maganar yayata ce ta kai ni ga abin da nake ganin shi ne gindin al'amarin. Waƙar baka ba a haifarta da girmanta, nuna take yi a hankali kamar ɗan itace. Makaɗan da muke kira manya, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Alalo na Damagaram, ba su rera waƙa sau ɗaya suka rufe ba. Jagora zai kawo gindin waƙa, ƴan amshi su karɓa, a kai ta gaban jama'a, ɗan waƙa, wato baitin, da ya motsa mutane a riƙe shi, wanda ya faɗi ƙasa a zubar, gobe a wani gari a ƙara wani. Shi ya sa za ka sami waƙa guda ta Shata a kaset biyu, kowace da ƴaƴan da babu a ɗayar. Abin da ya iso gare mu daga waɗannan mutane waƙoƙi ne da suka sha fage shekara da shekaru, masu sauraro suka goge su har suka yi santsi. Kundin zamani kuwa yana kama waƙa ranar da aka haife ta ya daskarar da ita, sannan mu ɗauke ta mu gwada da waƙar da ta shekara talatin tana yawo, mu ce yaran yanzu ba su iya ba. Wannan awo bai yi adalci ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai wannan kundin bai riga ya rera waƙoƙinsa a gaban taron da zai gyara masa su ba.

Saboda haka nauyin ya rabu biyu. Mai sauraro ya ba waƙar lokacin da fage yake ba ta a da, ya ji ta sau uku ko huɗu a abin da zai fitar da muryar ganga. Mawaƙin kuma kada ya ɗauka aiki ya ƙare da fitar kundi. Fagen yana nan bai mutu ba. Tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, ba a taɓa yin ta babu makaɗa ba, kuma wanda ya shiga filin kokawa na Kantu a nan Maraɗi ranar da aka cika shi ya ga yadda samarin nan masu tsallake waƙa a waya suke miƙewa tsaye idan ganga ta kira ɗan kokawarsu. Kunnen yana nan, wurin da ake ba shi abincinsa ne ya ƙaranta.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda shi ne ya sa jin farko yake da haɗari. Makaɗin da ya ambaci mutum a waƙa ya san inda zai karɓi riga da kuɗin cefane. Wanda ya ƙi ambaton kowa ya jingina ne da masu sauraro kaɗai, su kuma a wurin masu tura waƙa a kasuwa suke samunta da ƴan kuɗi kaɗan, ko aboki ya tura musu ta WhatsApp, ba tare da ko dala ta isa hannun wanda ya biya makaɗa da situdiyo ba. Muna da hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta BNDA, muna da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai tun 1989, an kuma san gasar waƙa ta Ɗan Gurmu, amma a zahiri mai tura waƙa a rumfarsa shi ne alƙalin farko, kuma shi ma da minti guda yake hukunci. Idan ya ce kundin ba ya tafiya, ba zai saka shi a katin kowa ba, yaron ya ci bashi a banza, na bayansa kuma su koyi darasin cewa fiyano da sunan Alhaji sun fi tsira. A nan ne gidajen rediyon garin nan suke da abin yi: su saka waƙa guda cikakkiya, ba guntu ba, su gayyato tsohon makaɗi ya fassara abin da gangar take cewa, su bar masu sauraro su bugo waya bayan sun ji ta har ƙarshe.

Bayan kwana goma Baba ya aiko jikansa ya ce in koma da rediyon. Waƙar jiran ruwan shuka ya ce in saka masa, wadda gurmi kaɗai ke rakiyar murya a cikinta, inda manomi yake duban gabas kowace yamma iri yana cikin ƙwarya. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce in maimaita. Da ta ƙare karo na biyu ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "In ka san inda yaron yake, ka ce mashi ya zo. Akwai tsohon makaɗin kotso a Tsibiri da muka yi ƙuruciya tare, ni zan kai shi da kaina."