A Daina Rera wa Yaranmu Duniyoyi Tara

Jama'a, har yau akwai makarantu a cikin garin Katsina da ake koya wa yara cewa duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, Pluto ce auta. Na gani da idona a littafin ɗan ƙanwata, ɗan aji biyar: ya jero su tara, malam ya sa jan biro ya ba shi maki cikakke. Gyara lambar zuwa takwas abu ne mai sauƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne an ba yaro jerin sunaye, ba a gaya masa dalilin komai ba.

Kuma dalilin ne mai daɗin ji. Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, wani ƙaton gajimare na iska da ƙura ya dunƙule saboda nauyinsa, tsakiyarsa ta zama rana, ragowar ta baje tana juyawa a kewayenta. Ƙwayoyin ƙura suka riƙa karo suna mannewa, kamar yadda mai fura ke mulmula gari har ya zama dunƙule, ƙanana suna zama duwatsu, duwatsu suna haɗiye junansu. Kusa da rana zafi bai bar ƙanƙara ta zauna ba, sai dutse da ƙarfe, shi ya sa duniyoyi huɗun farko ƙanana ne masu tauri. Cikinsu har da tamu, da Mars, da Zara matar wata da muke hangowa bayan magariba muna ce mata tauraruwa, alhali duniya ce mai zafin da ya haura digiri 450. Can nesa kuwa, inda ruwa ke daskarewa, kayan gini sun yi yawa, sai Mushtari da Zuhal suka yi saurin girma suka zuƙe iska mai yawa. Yuranus da Neftun suka tashi da ƙanƙara ta fi yawa a jikinsu.

Yaron da ya gane wannan, ko an tashe shi cikin dare zai faɗa maka me ya sa manyan suke waje.

Sai zancen Pluto. Nakan ji wasu na cewa masana ba su da tsayayyar magana, yau tara gobe takwas. Ban yarda ba. An gano Pluto a 1930, lokacin ba a san tana da maƙwabta ba. A 2005 aka gano Eris, wata makamanciyar Pluto da ke kewaya rana can bayan Neftun, wadda ta fi ta nauyi, ga wasu ire-irensu a wannan yanki. Ko dai a yi ta ƙara lissafi, ko a kafa ƙa'ida. A watan Agustan 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Prague ta sa sharuɗa uku da kowace duniya za ta cika: ta kewaya rana, nauyinta ya mulmule ta, sannan ta zama ita ke da iko da hanyarta, ta share ko ta mallake abin da ke kai. A na ukun Pluto ta faɗi, aka cire ta daga lissafin aka sa ta cikin wani rukuni na daban da ake kira ƙananan duniyoyi. Ba yau aka fara ba ma, Ceres, wata 'yar ƙarama mai kewaya rana da aka gano a 1801, an daɗe ana ƙirga ta a duniya kafin a sauke ta. Har yanzu akwai masanan da ke jayayya da sharaɗi na ukun, kuma ina ganin ya kamata ɗalibi ya ji hujjarsu.

Mu Katsinawa bai dace a bar mu baya a wannan fage ba. Garin nan ne ya fitar da Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alkahira a 1741. Malamanmu na firamare, don Allah ku duba littattafan da ke hannunku. Wanda ya ce tara a gyara shi, kuma a ware darasi guda a ba yara labarin ƙurar nan tun daga farko.