Ambaliya a Kebbi: ba a fafe gora ranar tafiya

Ruwan da ke cinye gidaje da gonaki a Jihar Kebbi ba baƙo ba ne. An san hanyarsa, an san lokacinsa. Gulbin Rima kan gangaro ya haɗu da na Sakkwato, ya ratsa Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Bunza, ya karɓi ruwan gulbin Zamfara da ya biyo ta Gummi da Jega, sannan ya zuba a Kogin Neja. Shi kuma Neja ta jiharmu yake shigowa Najeriya, ya bi ta Bagudo da Yauri da Ngaski har tafkin Kainji. A samanmu ga madatsar Goronyo, ga ta Bakolori. Idan malka ta kankama a watan Agusta, duk ruwan da sama ta zubar a Zamfara da Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, wani kaso nasa ta ƙofar gidajenmu zai wuce.

Mun kuma gani ba sau ɗaya ba. A Satumbar 2010 ruwan da ya fito daga Goronyo ya mamaye ƙauyuka a Sakkwato ya gangaro mana. A 2012 ambaliya ta raba mutum sama da miliyan 2 da muhallansu a faɗin ƙasar nan. A 2020 rahotanni sun ce kimanin hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya shafe a Kebbi kaɗai, shekara biyar kacal bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance. A 2022 mutum sama da 600 suka rasu a ƙasa baki ɗaya. Duk shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar kula da albarkatun ruwa, NIHSA, kuma ta fitar da jerin wuraren da take fargabar ambaliya, kuma da wuya sunan Kebbi ya fita daga ciki.

To me ya sa har yanzu ruwa ke tarar da mutane a kan gado?

A ganina ba rashin labari ne babbar matsalar ba. Jinkirin tashi ne. Mutane na kallon ruwa yana cin gona, ya hau hanya, ya zo bayan katanga, suna ta cewa bari dai a ga gobe. Masu zagin su daga cikin gari, suna kiran su masu taurin kai, ba su yi musu adalci ba. Wanda aka ce wa ya tashi, hatsin shekararsa na cikin rumbu, awakinsa na kan turke, kayan ɗakin 'yarsa da za a aurar bayan kaka na jibge a ƙurya, mahaifiyarsa ba ta iya tafiya mai nisa, kuma bai san gidan wa zai nufa da mutum ashirin ba. Idan ya bar gidan ba kowa, yana tsoron ɓarayi su rigaya ruwa. Kowanne daga cikin waɗannan dalili ne na gaske. Shirin gida, a wurina, shi ne magidanci ya bi dalilan nan ɗaya bayan ɗaya ya warware su tun bazara, yadda ranar da ruwa ya zo ba abin da zai riƙe shi.

A fara da inda za a je. Sanarwar da ake yi a rediyo cewa mazauna bakin kogi su koma kan tudu tana da kyau, amma tudu ba suna ba ne na gidan kowa. Ya kamata kowane gida a fadama ya san takamaiman gidan da zai sauka: gidan yaya, gidan surukai, gidan aminin da ake cin kasuwa tare. A je a yi maganar baki da baki tun kafin ruwan shuka, a ga ɗakin da mata da yara za su kwana, a san inda za a kafa wa dabbobi turke. Mutanenmu ba sa ƙin ɗan'uwa a ranar wahala, amma kunya kan hana mutum ƙwanƙwasa ƙofar da bai yi magana da mai ita ba, kuma kunyar nan tana iya cin kwana biyu masu tsada.

Da zarar an samu masauki, sai dukiya ta riga mutane tafiya. Irin shuka na farko, sai buhunan shanshera da gero da dawa, sai kayan ɗakin mata. A bar a gida abin da za a ci na mako biyu ko uku, a ɗora shi a kan dakali ko katako mai tsayi, kada buhu ya taɓa ƙasa. Dabbobi ma gara a kora su tun hanya na bushe, domin tunkiya ba ta shiga kwale-kwale da daɗin rai, kuma jirgin da aka cusa wa mutane da shanu da buhuna shi ne jirgin da ke kifewa. Duk wanda ya san hatsinsa da bisashensa suna tudun mun tsira, ba sai an roƙe shi ya fita ba.

Akwai magana ɗaya da ba kasafai ake yin ta a fili ba, ita ce ta fi damuna. Maza da yawa ba sa gida lokacin da ruwa ke shigowa. Wani ya tafi cin kasuwa, wani yana kwana a gona, wani yana neman kuɗi a Legas ko Kwatano. Matan da ya bari kuwa sun taso a kan cewa ba a fita sai da izinin miji, ga waya ba ta shiga. Malamai sun yi bayani cewa tsare rai na gaba, kuma larura na da hukuncinta, amma mace mai goyo da tsakar dare ba fatawa take nema ba, so take ta san abin da maigidanta ya ce. Don haka ya faɗa tun yanzu, a gaban kowa: “Uwargida, idan ruwa ya kai gindin tsamiyar can, ko ina nan ko ba na nan, ku ɗauki Inna da yara ku wuce gidan Yaya. Kada ku jira ni.” Ya kuma raba aiki. Wannan saurayin shi zai goya Inna ko ya ɗauko ta a amalanke, wannan yarinyar ita ke riƙe da ƙannenta biyu, amarya ita ke ɗaukar jakar takardu. Malaman tsangaya da ke da almajirai a kusa da ruwa su ma wannan nauyin na kansu, su san adadin yaransu, su san wanda zai ƙirga su idan an fita.

Tsamiyar da na ambata ba ado ba ce. Gida na bukatar alama da ido ke gani, wadda ba ta jiran ra'ayin kowa. Masunta da Sarkawa sun daɗe da sanin wannan: a kafa sanda a bakin ruwa, a yi mata tsaga uku, a duba safe da yamma. Idan ruwa ya kai tsaga ta farko a kwashe sauran kaya, ta biyu tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara su wuce, ta uku kowa ya fita a ja ƙofa. Wanda ke dubawa ya kai labari ga mai unguwa, a faɗa ta lasifikar masallaci. Amfanin alamar shi ne an yanke shawara tun hankali na kwance, ba a bar ta ga daren da kowa ya ruɗe ba. A kuma fita da rana. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, kuma cikin duhu ba wanda ke ganin inda kwalbati ya rufta ko inda rijiya take.

Idan fitar ta jirgi ce, to mu ne ya fi kamata mu ji tsoro. A ranar 26 ga Mayu, 2021 jirgin da ya nufo Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutum sama da 150, kaɗan aka ceto. A Satumbar 2024 wani ya kife da manoma a Gummi, gomman mutane suka rasu a kan hanyar gona. Rigar ruwa mai hana nutsewa ba kayan ƙawa ba ce. Gidan da ke tsallaka gulbi kullum, ya fi masa a ce yana da ita ko da guda biyu ce, ta yara, kuma uba ya koya wa iyalinsa cewa jirgin da ya cika ba a shigarsa, ko da shi ne na ƙarshe a ranar.

Ba mazauna fadama kaɗai abin ya shafa ba. A cikin gari, ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe mutane da damina shi ne rushewar ɗakin ƙasa, yawanci da dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya zagaya gidansa kafin ruwan farko, ya tsuguna ya dubi gindin katanga, musamman ta gabas inda hadari ke dukanta. Idan ƙasar wurin ta zube ta yi rami, ko ɓeraye sun huda ta, a cike a yaɓe, a tara ƙasa a jikinta yadda ruwa zai gudu nesa. Indararon da ke zubar da ruwa a jikin bango a ƙara masa tsawo. Azarar da gara ta ci a sauya ta. Idan ana cikin malka aka ga tsagar bango tana ƙara buɗewa, ko ƙyaure ya fara cijewa alhali da ba ya yi, ɗakin nan ya yi magana, kada kowa ya sake kwana a ciki. Kwanon rufi kuma a bi shi da ƙusa tun watan Afrilu, domin iskar farkon damina ce ke yaye shi. Lambatun ƙofar gida da leda da yashi suka toshe, ba sai an jira ƙaramar hukuma ba, matasan layi na iya yashe shi a safiya ɗaya. Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, inda ruwa ya kashe mutum sama da 150 da asuba, ya nuna cewa jiran Agusta kafin a fara shiri kuskure ne.

Game da kayan da za a riƙe, jerin da ke yawo a intanet an rubuta shi ne don gidan mutum huɗu mai mota a ƙofa. Ana cewa a tanadi kimanin lita 4 na ruwa ga kowane mutum a kullum, har kwana uku. A gidan mutum 20 wannan lita 240 ke nan, kusan jarka 10, ba wanda zai ɗauke su a ka. Abin da za mu iya ɗauka shi ne abin tsarkake ruwan: tukunya, ashana a ƙulle cikin leda, maganin ruwa irin su WaterGuard. Alam yana kwantar da laka amma ba ya kashe cuta, sai an tafasa. Sai abincin da ba ya son wuta, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, sai tocila, ƙaramar rediyo, gidan sauro, da maganin masu hawan jini ko ciwon sukari. Katin ɗan ƙasa, takardun gona da na gida, takardun makarantar yara da katin awon ciki a naɗe su cikin leda biyu a wuri guda da kowa ya sani. Lambobin waya a rubuta su a takarda, har da 112 ta kiran gaggawa, domin waya na iya faɗawa ruwa.

Bayan ruwa ya janye ne wata wahalar ke farawa. Masai ya cika ya haɗu da rijiya, sai amai da gudawa. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar nan. Kowace uwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, wato leda biyu ta fiya wata, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya ana kan hanyar asibiti. Sauro kuma ya samu gida, a jihar da binciken 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaranta na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mafi yawa a ƙasar. Macizai ma tudu suke nema kamar mu. Idan an yi sara kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hanzarta zuwa asibiti.

Na san za a ce komai sai Allah ya so, kuma gaskiya ne. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Na kuma san za a ce ina ɗora wa talaka aikin gwamnati. A'a, nata na nan a wuyanta. Masu kula da madatsun ruwa su sanar kafin su buɗe ƙofa, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, ta hannun uwayen ƙasa da hakimai a masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, ba takardar Turanci a Abuja kaɗai ba. Hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha, NEMA da SEMA, su bayyana sunayen makarantun da za a sauka tun Yuni, a gyara musu rijiya da banɗaki, maimakon zuwa da tabarmi da buhun shinkafa bayan an yi asara. Cewa manomi ya bar fadama har abada kuwa ba magana ba ce, a nan abincinsa yake, a nan na ƙasar ma yake.

Wanda ya koma gida kada ya yi gaggawar shigar da iyali ɗakin da ya sha ruwa, domin bangon ƙasa kan faɗi ne ma yayin da yake bushewa. A yashe rijiya a zuba mata magani kafin a sha, a kira mai gyara ya duba wayoyin lantarki kafin a mayar da wuta. Sai kuma a je masauki a ɗauko irin da aka ajiye, domin fadamar da ruwa ya kwanta a kanta ita za a shuka da rani, kuma mai irinsa a hannu ba zai fara noman da bashi ba.