Shari'ar Philip Morris da Uruguay: wa ya yi nasara a zahiri?

A shekarar 2010 kamfanin sigari na Philip Morris ya maka gwamnatin Uruguay a gaban cibiyar sasanta rikicin zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya a birnin Washington, bisa zargin cewa ƙasar ta lalata masa darajar tambarinsa na kasuwanci. Laifin Uruguay shi ne ta kafa doka cewa hoton gargaɗi kan illar taba zai rufe kashi 80 cikin ɗari na kwalin sigari, kuma kowane suna nau'i ɗaya kawai za a sayar da shi, domin kada a fito da Marlboro mai launi kaza a sa mashayi ya ɗauka wannan ya fi wancan sauƙin cutarwa. Shugaban da ya jagoranci dokar, Tabaré Vázquez, likitan cutar daji ne, ya san abin da hayaƙi ke yi wa huhu fiye da kowane lauya. Kamfanin ya dogara da wata yarjejeniyar kare masu zuba jari tsakanin Uruguay da Suwizalan, inda wasu rassansa suke da rajista, ya nemi diyyar dala miliyan 25.

A watan Yulin 2016 alƙalan sasancin suka ba Uruguay gaskiya, suka umarci kamfanin ya biya ta dala miliyan 7 daga cikin kuɗin da ta kashe. Mutane da yawa sun yi murna, suna cewa ƙaramar ƙasa ta kayar da ƙato. Ni ban ga abin haka ba. Shekara shida ƙasa mai mutane miliyan uku da 'yan kai ta yi tana biyan lauyoyi domin ta kare ikonta na gargaɗin 'yan ƙasarta, kuma sai da gidauniyar attajirin Amurka Michael Bloomberg ta sa hannu a aljihu ta tallafa mata. A tsawon wannan lokaci kowane ministan lafiya na ƙasa mai ƙaramin ƙarfi yana kallo, yana lissafin ko baitulmalinsa zai iya ɗaukar irin wannan ɗawainiya, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da kamfanin ya saya da kuɗin lauyoyinsa ke nan.

Labarin Ostareliya ya fi nuna dabarar a fili. Dokarta ta 2011 ta cire duk wani ado daga kwalin: launi ɗaya mai duhu marar ban sha'awa, hoton ruɓaɓɓiyar ƙafa ko bakin da cuta ta cinye, sai sunan sigarin a ƙasa da ƙananan haruffa iri ɗaya ga kowa. Bayan gwamnati ta sanar da niyyarta, Philip Morris ya mayar da mallakar reshensa na Ostareliya hannun reshensa na Hong Kong, saboda akwai yarjejeniyar 1993 tsakanin wuraren biyu da za ta ba shi ƙofar shigar da ƙara. A ƙarshen 2015 alƙalai suka yi watsi da ƙarar, suka ce wannan amfani ne da yarjejeniyar ba bisa ƙa'ida ba. Amma New Zealand, wadda ta shirya irin wannan doka, ta dakata tana jiran sakamako, kuma kwalinta marar ado bai fito kasuwa ba sai 2018.

Ba na musun cewa tambari dukiya ne, kuma duk wanda aka taɓa yi wa jabun kayansa ya san amfanin rajista. Sai dai rajistar tambari tana hana wani ne amfani da sunanka, ba ta ba ka lasisin tallata kayanka yadda ka ga dama ko da hukuma ta ga cutarwa a ciki, kuma haka alƙalan shari'ar Uruguay suka fassara ta. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa sai an kai ƙasa gaban lauyoyi uku a ƙetare kafin a tabbatar da wannan, alhali ɗan kasuwar cikin gida da doka ta shafa kotun ƙasarsa kaɗai yake da ita.